Uba ya sa aka yi feshi, ɗa ya shiga ruwan: gidan Zumwalt da gubar Agent Orange

A ƙarshen watan Satumba na 1968 aka damƙa wa Admiral Elmo Zumwalt ragamar rundunar sojan ruwan Amurka da ke yaƙi a Biyetnam ta Kudu. Shekarunsa 47 a lokacin. Yaƙin da ya tarar na rafuka ne. Kogin Mekong kafin ya faɗa teku yakan rarrabu gida-gida, ga kuma magudanan ruwa da mutane suka haƙa, kowace gaɓa cike da duhuwa. Ta nan mayaƙan Viet Cong, 'yan kwaminis da Amurka ke yaƙa, ke shigo da makamai daga Kambodiya. Zumwalt ya tura ƙananan jiragen sintiri su toshe hanyoyin. Jiragen na alminiyam ne, tsawonsu kamar mita 15, mutum shida a ciki, harsashi kuma ba ya shan wahalar huda su. Mai kwanton ɓauna sai ya laɓe a duhuwa, ya bari jirgi ya zo daf da shi, ya buɗe wuta, ya ɓace.

Lissafin da Zumwalt ya riƙa maimaitawa har ƙarshen rayuwarsa shi ne, a kowane wata ana kashe ko jikkata kusan kashi 6 cikin 100 na mutanensa da ke cikin waɗannan jirage. Wanda ya yi shekara guda a bakin aiki ke nan, ya fi kusa da a ɗauko shi a makara ko a gadon asibiti fiye da ya dawo da ƙafarsa. Sai ya nemi a ƙara feshin maganin kashe ganye a gaɓar rafukan, don maharan su rasa maɓoya. Ya ce ya tambaya ko maganin na cutar da mutum, aka tabbatar masa ba ya yi. Ya kuma ce bayan feshin asarar ta sauko ƙasa da kashi 1 cikin 100 a wata.

A 1969 babban ɗansa, Laftanar Elmo Zumwalt na Uku, ya iso Biyetnam. Shi da kansa ya nemi a ba shi ɗaya daga cikin waɗannan jirage, kuma uban bai sa baki don a canja masa wurin aiki ba.

Abin da ke cikin duro

Feshin ya girmi zuwan Zumwalt. Shugaba Kennedy ne ya amince da shi a ƙarshen 1961, aka fara a farkon 1962 ƙarƙashin shirin Ranch Hand, aka ci gaba har 1971. A tsawon wannan lokaci an zuba wa ƙasar lita kusan miliyan 75 na magunguna iri-iri. Ana bambanta su da launin zanen da ke jikin duro: akwai mai fari, akwai mai shuɗi wanda aka tanada don ƙona gonakin shinkafa, sai mai ruwan lemo, wato Agent Orange, wanda shi kaɗai ya haura rabin abin da aka fesa. Jirgin sama samfurin C-123 kan ɗauki galan 1,000, ya sauko ƙasa-ƙasa kamar mita 45 daga saman itatuwa, ya juye kayansa cikin 'yan mintoci, ba tare da an sirka da ruwa ba. Bayan 'yan makonni daji ya zama kwarangwal. A dazuzzukan fadamar bakin teku, irin na Ca Mau can ƙuryar kudu, feshi ɗaya ya isa ya kashe itacen har saiwa.

Agent Orange haɗi ne na sinadarai biyu rabi da rabi, 2,4-D da 2,4,5-T. Na farkon manoman shinkafa da masara a ƙasar Hausa sun san shi, don har yau yana cikin magungunan feshin ciyawa da ake sayarwa a kasuwa. Ba a wurinsa babbar matsalar take ba, ko da yake shi ma ba abin wasa da shi hannu tsirara ba ne. Matsalar tana wurin na biyun. Idan ana dafa kayan haɗin 2,4,5-T a masana'anta zafi ya wuce ƙima, sai wata guba ta samu a ciki, ita ce dayoksin, nau'in da ake kira TCDD. Babu wanda ya zuba ta da gangan, kuma ba ta taimaka wajen kashe ganye. Datti ne na gaggawa, domin soja na neman kaya da yawa, kamfanoni kuma na son cika oda.

Binciken da Jeanne Stellman da abokan aikinta na Jami'ar Columbia suka wallafa a 2003 ya ƙiyasta cewa dayoksin ɗin da ya sauka a Biyetnam bai gaza kilo 366 ba. Buhun masara huɗu ma bai cika ba. Amma guba ce da ake auna ta a jini da kashi ɗaya cikin tiriliyan. Ba ta narkewa a ruwa, sai ta manne wa laka a ƙasan tafki, kifi da agwagwa su ɗauka, mutum ya ci, ta zauna a kitsen jikinsa. Kafin rabin abin da ya shiga jiki ya fita sai an yi shekara 7 zuwa 11. Tana bi ta mahaifa, tana bi ta nono.

Kamfanonin sun san da ita. Tun a 1949 aka yi haɗari a masana'antar Monsanto da ke Nitro a jihar West Virginia, ma'aikata suka feso da wasu munanan ƙuraje masu taurin kai, waɗanda yau aka san tambarin dayoksin ne. A 1964 irin ƙurajen suka ɓulla a masana'antar Dow da ke Midland a Michigan, har a watan Maris na 1965 Dow ya kira takwarorinsa taro a kan gubar. Takardun wannan taro ba su fito fili ba sai a 1983, da shari'a ta tono su. Gwamnati kuwa ba ta dakatar da Agent Orange ba sai a Afrilun 1970, bayan gwaji ya nuna 2,4,5-T na sa ɓeraye haihuwar 'ya'ya masu nakasa. A lokacin Laftanar Zumwalt ya kusa kammala shekararsa a rafukan.

Yadda ta shiga jiki

Sojan da ke cikin ƙaramin jirgi a Mekong ba ya rabuwa da ruwa. Idan farfela ta sarƙe da ciyawa wani zai faɗa ya warware. Idan an kifar da kwale-kwalen abokan gaba wani zai nutsa ya lalubo makaman. Zafi ya yi yawa a yi wanka a rafi, a sayi kifi da 'ya'yan itace a ƙauyen da ke gaɓa. Elmo ƙarami ya ba da labarin cewa ya yi tafiya cikin wuraren da aka fesa, ya yi iyo a ruwansu, ya ci abin da ƙasar ta fitar, har fatarsa ta yi ƙuraje. A sansanoni ma haka abin yake: duron da aka juye sai a fasa shi biyu a yi murhun gashi, ko a ɗora shi sama a yi shawa, ko a tara ruwa a ciki. Ba wanda ya ce musu kada su yi.

Ya koma gida a 1970, ya karanta lauya, ya zauna a Fayetteville ta jihar North Carolina da matarsa. A 1977 suka haifi ɗa namiji, wanda da ya fara tasawa aka gane yana da matsala babba wajen koyo da fahimta. A farkon 1983 aka gano Elmo na ɗauke da sankarar kaluluwa. A 1985 aka sake gano wata sankarar ta daban, cutar Hodgkin, a jiki ɗaya, abin da likitoci ba su cika gani ba. A 1986 aka yi masa dashen ɓargo a Seattle, ƙanwarsa ce ta ba shi. Ya samu sauƙi na ɗan lokaci. Ranar 13 ga Agusta 1988 ya rasu yana da shekara 42.

Kafin rasuwarsa ya faɗi wata magana wadda a ganina ita ce zuciyar lamarin gaba ɗaya. Ya ce shi lauya ne, kuma bai ga yadda zai iya tabbatar wa kotu, da hujjojin kimiyyar da ake da su, cewa Agent Orange ne ya jawo cututtukan da tsofaffin sojojin Biyetnam ke kuka da su ba, amma shi a ransa ya tabbata shi ne. Ɗan babban hafsan sojan ruwan Amurka ke nan (uban ya riƙe wannan muƙami daga 1970 zuwa 1974), mai ilimin shari'a, mai hanyar ganin kowane likita. Idan shi bai iya kawo hujja ba, ina ga ƙaramin soja da ya koma ƙauyensu yana tuƙin babbar mota?

Wa zai kawo hujja?

Maganar ta fara fitowa ne daga ƙasa. A 1977 wata ma'aikaciya a ofishin kula da tsofaffin sojoji na Chicago, Maude DeVictor, ta karɓi koken wata mata da mijinta ke fama da sankara yana cewa feshin Biyetnam ne. DeVictor ta shiga tara fayil-fayil na masu irin wannan koke, a Maris 1978 wani gidan talabijin na Chicago ya watsa rahoto a kai, sai kira ya yi ta shigowa daga ko'ina. A shekarar ce Paul Reutershan, wanda ya yi aiki a jirgi mai saukar ungulu yana ratsa hazon feshin kusan kullum, ya kai kamfanoni ƙara. Bai ga ƙarshenta ba, sankara ta kashe shi a Disamba yana da shekara 28. Ƙarar tasa ce ta rikiɗe ta zama ta taron dangi a 1979.

Me ya sa kamfanoni, ba gwamnati ba? Saboda tun 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Feres, cewa soja ba ya ƙarar gwamnati a kan abin da ya same shi a bakin aiki. Ƙofa ɗaya ta rufe ke nan tun kafin a fara. Ranar 7 ga Mayu 1984, da safiyar da za a fara zaman shari'a a Brooklyn gaban Alƙali Jack Weinstein, kamfanoni bakwai, ciki har da Dow da Monsanto, suka amince su biya dala miliyan 180 ba tare da amsa laifi ba. A jarida kuɗin ya yi kama da dukiya. Da aka zo rabo, mutum kusan 105,000 suka nema, kimanin 52,000 suka samu, kowa ya tashi da abin da bai wuce dala 3,800 ba a matsakaici. Aka daina karɓar buƙata a 1994. Wanda cutarsa ta bayyana bayan nan, kuma su ne masu yawa tunda sankara ba ta gaggawa, ya tarar an kulle asusu. Waɗanda suka ƙi sulhun suka ce sai an yi shari'a, Weinstein ya kori ƙararsu a 1985, ya ce ba su nuna feshin ne ya jawo cutar ba.

Wahalar hujjar hawa-hawa ce. Sankarar kaluluwa ba ta zuwa da tambari. Wanda bai taɓa taka Biyetnam ba ma yana kamuwa da ita. Don haka sai dai a kwatanta taron waɗanda gubar ta taɓa da taron waɗanda ba ta taɓa ba. To su wa ta taɓa? Rundunar sama ta adana bayanan inda manyan jirage suka bi suka fesa, amma feshin da aka yi da jirgi mai saukar ungulu, da mota, da jirgin ruwa, da tankin goyo a kewayen sansani, bayanansa rabi da rabi ne. Inda kowace ƙaramar runduna ta kwana ma ba a rubuta shi dalla-dalla ba. Gwajin jini kuwa bai samu da kyau ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da mafi yawan gubar ta riga ta fita daga jikin mutane ta bar aikinta. Ma'ana, bayanan da ake cewa soja ya kawo, hukumar da ke tambayarsa ce ya kamata ta adana su, ba ta adana ba.

Majalisar dokoki ta ba da umarnin a yi babban bincike tun 1979. Aka yi ta jan ƙafa, aka miƙa wa hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC a 1983, ita kuma ta soke shi a 1987, ta ce ba za a iya tantance wanda feshin ya taɓa ba. A 1990 wani kwamitin majalisar wakilai ya fitar da rahoto yana zargin fadar shugaban ƙasa ta zamanin Reagan da yi wa binciken ƙafar ungulu don gudun biyan diyya. Duk tsawon waɗannan shekaru, cuta ɗaya tak hukumar tsofaffin sojoji ta yarda tana da alaƙa da feshin: ƙurajen nan na fata.

Uban ya koma ɗaya ɓangaren

Bayan rasuwar ɗansa, Admiral Zumwalt ya karɓi aikin ba da shawara ga sakataren ma'aikatar tsofaffin sojoji, Edward Derwinski, a 1989. Ya zauna ya bi binciken da aka yi ɗaya bayan ɗaya. Rahoton da ya miƙa a Mayu 1990 bai yi wa kowa kara ba. Ya ce akwai isasshiyar hujjar danganta feshin da cututtuka masu yawa, ya ce an murɗe wasu binciken gwamnati da na kamfanoni, ya kuma soki kwamitin masanan da ma'aikatar ke dogaro da shi. Irin wannan magana 'yan mazan jiya sun shekara goma suna yin ta ana ce musu masu neman na banza. Da ta fito daga bakin mutumin da ya ba da umarnin feshin kuma ya binne ɗansa, sai ta yi wuyar turewa.

Ba shi kaɗai ya juya lamarin ba. A Mayu 1989 wani alƙalin tarayya a California, Thelton Henderson, ya rushe ƙa'idar ma'aikatar a shari'ar Nehmer, wadda ke ɗauke da sunan matar wani soja da ya rasu. Ya ce ma'aikatar ta tsananta ma'aunin hujja fiye da yadda doka ta nema. Daga nan aka kai ga dokar Agent Orange, wadda Shugaba George Bush uba ya sa wa hannu ranar 6 ga Fabrairu 1991.

Dabarar dokar mai sauƙi ce. An daina tambayar soja ya nuna ranar da feshi ya sauka a kansa. Idan ya yi aiki a Biyetnam a shekarun yaƙin, an ɗauka gubar ta taɓa shi. Idan ya kamu da cutar da ke cikin jeri, an ɗauka aikin soja ne ya jawo ta, sai a ba shi magani da kuɗin wata, idan ya mutu a ba matarsa. Aka kuma ɗora wa Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa nauyin duba sabbin bincike duk bayan shekara biyu. Kokwanton bai gushe ba, an dai sauke shi daga kan mara lafiya an ɗora wa gwamnati. A ganina nan ne daidai, domin ita ta sayi maganin, ita ta fesa, ita ta ƙi rubutawa.

Sai dai a duba yadda jerin ya riƙa tsawo. A 1991 cuta uku ce: ƙurajen, da sankarar kaluluwa irin ta farko da ta kama Elmo, da wata sankarar tsoka. Cutar Hodgkin ta shiga bayan rahoton farko na cibiyar a 1993. Sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai 1996. Ciwon suga sai 2001. Toshewar jijiyoyin zuciya da cutar karkarwa ta Parkinson sai 2010. Hawan jini, wanda masanan cibiyar suka ce hujjarsa ta isa tun 2018, bai shiga ba sai da Shugaba Biden ya sa hannu a dokar PACT a Agusta 2022. Wanda ya je yaƙin yana ɗan shekara 20 a 1968, ya kai 74 a ranar. Ga dubban gidaje kowane ƙari ihu ne bayan hari, ko da yake hukuncin Nehmer ya tilasta a koma a biya da yawa daga waɗanda aka taɓa hana su tun daga ranar da suka fara nema.

Sojojin manyan jiragen ruwa ma sun sha tasu. A 2002 ma'aikatar ta ce sai wanda ya taka ƙasa ko ya shiga rafukan cikin gida. Waɗanda suka tsaya a teku kusa da gaɓa aka fitar da su, alhali wani bincike a Ostireliya ya nuna na'urar da jirage ke tace ruwan teku da ita don sha ba ta cire dayoksin, tattara shi take yi. Sai a Janairu 2019 kotu ta ba su gaskiya, majalisa ta bi da doka a shekarar.

'Ya'ya da mata

Nan ne lamarin ya fi ciwo, nan ne kuma doka ta fi ƙanƙancewa. Amurkawa kimanin miliyan 2.7 suka yi aiki a Biyetnam, kusan dukansu maza. Ga 'ya'yan waɗannan maza, nakasa ɗaya kawai gwamnati ta yarda da ita: a haifi jariri ƙashin bayansa bai gama rufe lakar da ke cikinsa ba. Dokar ta fito a 1996, aka fara biya a 1997. 'Ya'yan sojoji mata, waɗanda dubbai ne kaɗan kuma yawancinsu ma'aikatan jinya, an ba su jeri mai ɗan faɗi a 2000. Shi ke nan. Matsalar koyo irin ta jikan Zumwalt ba ta cikin kowane jeri, haka ɓarin da mata suka yi ta yi, haka ciwon da wasu ke gani a jikoki.

Ba zalunci ne tsagwaronsa ba, dole a faɗi wannan. Hanyar da guba ke bi daga uwa zuwa ɗa a bayyane take. Daga uba kuwa, shekaru bayan ya bar wurin, abu ne da kimiyya ba ta gama warwarewa ba. A rahoton da cibiyar ta fitar a 2016 ma sai ta ja da baya a kan nakasar ƙashin bayan, ta ce hujjar ba ta kai yadda aka zata ba, ko da yake ba a janye tallafin ba. Amma akwai alamun da ba a iya sharewa. Bayan fashewar masana'anta a Seveso ta Italiya a 1976, an lura mazan da dayoksin ya yi yawa a jininsu sun fi haihuwar mata a kan maza, abin da ke nuna gubar na taɓa wani abu a ɓangaren uba. A 2016 'yan jaridar ProPublica da Virginian-Pilot suka tono bayanan da ita kanta ma'aikatar ta tara shekara da shekaru ba ta nazarta ba, suka ga cewa sojojin da suka ce sun taɓa maganin ko an fesa musu sun fi sauran yawan haihuwar 'ya'ya masu nakasa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Bayanan daga bakin sojojin suka fito, don haka ba su yanke hukunci. Abin tambaya shi ne yadda aka yi hukuma ta riƙa yi wa dubban mutane tambaya a kan 'ya'yansu, ta rubuta amsa, ta ajiye a ma'ajiya.

Akwai kuma nauyin da ba ya shiga lissafin kowa. Matar da ta bar aiki don jinyar miji, ta dawo ta ci gaba da kula da yaron da ba zai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Ma'auratan da suka fasa ƙara haihuwa don tsoro. Uban da ke kallon ɗansa yana zargin jininsa, babu likitan da zai ce masa e, babu mai ce masa a'a. Elmo ƙarami ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana fafutukar tanadin abin da iyalinsa za su rayu da shi, musamman yaron, don ya san ba a gina wata hukuma dominsa ba.

An sha tambayar Admiral ko ya yi nadama. Amsarsa ba ta canja ba: da za a mayar da shi 1968, zai sake ba da umarnin, saboda rayukan da ya ce ya ceta, mai yiwuwa har da na ɗansa a lokacin. Ya ƙara da cewa wannan bai rage masa baƙin ciki ba, da shi yake farkawa da shi yake kwana. Ɗan ma bai taɓa ɗora wa uban laifi ba. Ban ga dalilin shakkar gaskiyarsa ba, kuma kwamandan da ke kirga gawar yaransa kowane mako ba a yi masa hukunci daga kan kujera. Amma lissafin nasa na da giɓi. Ya kirga sojojin da ke cikin jirgi. Mutanen da ke zaune a gaɓar, masu shan ruwan da kamun kifin, waɗanda ba su da ranar komawa gida bayan shekara guda, ba su shiga ba.

Waɗanda ke gaɓar

Binciken Stellman ya nuna ƙauyukan da aka fesa kai tsaye na ɗauke da mutum tsakanin miliyan 2.1 da miliyan 4.8. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Biyetnam na cewa mutum kusan miliyan 3 ne lafiyarsu ta taɓu, ciki har da yara aƙalla 150,000 da aka haifa da nakasa, alƙaluman da Amurka ba ta amince da su ba. Zumwalt ya koma ƙasar a 1994, ya gana da tsohon abokin gabarsa Janar Vo Nguyen Giap, ya ga yara masu nakasa, ya yi kira a yi binciken haɗin gwiwa. Ya rasu a Janairu 2000 ba a kai ko'ina ba.

A 2004 ƙungiyar waɗanda gubar ta shafa a Biyetnam ta kai kamfanonin ƙara a Brooklyn, gaban Weinstein ɗin dai. Ya kore ta a Maris 2005, ya ce maganin ciyawa ne ba makami mai guba da dokar duniya ta haramta ba. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a 2009. Sojan Amurka da ya yi wata ɗaya a ofis a Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin, idan ciwon suga ya kama shi, doka ta ɗauka feshin ne. Manomin da aka fesa wa gonarsa sau uku har yau ana ce masa ya kawo hujja.

Abin da Amurka ta yarda ta yi shi ne share ƙasa da tallafa wa nakasassu a lardunan da aka fi fesawa, ba tare da ta ce ga abin da ya nakasa su ba. Binciken wani kamfanin Kanada, Hatfield, ya nuna gubar ta fi taruwa a tsofaffin filayen jiragen sama inda aka ajiye durorin, aka yi ta zubarwa ana wanke tankuna. A Da Nang an tara gurɓatacciyar ƙasa an gasa ta da zafin da ya kai digiri 335, aikin da ya ɗauki 2012 zuwa 2018 ya kuma ci dala miliyan 110. Na Bien Hoa, wanda ya ninka shi sau da yawa kuma yana tsakiyar gari mai cike da jama'a, an ƙaddamar da shi a 2019 da shirin shekara goma. A farkon 2025 ya tsaya na wani lokaci da gwamnatin Trump ta dakatar da kuɗaɗen hukumar USAID, ƙasa mai guba na tone a fili, kafin a ci gaba.

Ƙarar da ta biyo baya ita ce ta Tran To Nga, 'yar Biyetnam mai takardar zama 'yar Faransa, wadda aka haifa a 1942. Tana aikin jarida a ɓangaren 'yan gwagwarmayar da ke yaƙar Amurka lokacin da feshin ya sauka a kanta a Cu Chi a 1966. 'Yarta ta fari ta rasu tana da wata 17 da ciwon zuciya na haihuwa. A 2014 ta shigar da kamfanonin ƙara a Faransa. Kotun garin Evry da ke kusa da Faris ta ce a Mayu 2021 ba ta da hurumi, domin kamfanonin umarnin gwamnatin Amurka suka bi, kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta tabbatar da haka a Agusta 2024. Lauyoyinta suka ce za su wuce kotun ƙoli ta Faransa, tana da shekara 82 a lokacin.